Ƙoƙo Biyu da Igiyar Wankan Jego

Da sunan Allah, Mai saukar da ruwa a lokacin da Ya so.

Yau kwana goma sha tara rabonmu da ruwa. Masarar da na shuka a gonar bakin rafi ta kai gwiwa, ta tsaya nan. Da sassafe ganyenta a buɗe yake, kafin hantsi ya yi nisa ya nannaɗe kamar tabarmar da aka idar da salla a kanta. Buhu biyu na takin zamani suna jingine a zaure, ban kwance bakinsu ba, don zuba taki a busasshiyar ƙasa ƙona shuka ne. Amma kowace safiya, ina dawowa daga masallaci, sai wayar da ke aljihuna ta ɗauki kuka. In na duba, da ɗan bokon da na koya da girma, rubutu ɗaya nake gani: ranar zuba taki.

Hajara ce ta sa mata wannan. 'Yata ce ta fari, tana koyarwa a Malumfashi, mace mai son tsari. Tana da littafin da take rubuta aikin kowace rana, wanda ta gama ta soke shi da jan biro. Da ta zo mana hutun ƙaramar salla ta zaunar da ni, ta tambayi ranar shuka, da ranar noman farko, da ranar taki, duk ta zuba su cikin wayar.

Ranar Laraba na kira ta.

“Hajara, ki zo ki kashe mini abin nan. Kullum zancen taki, sama kuwa ko gajimare babu.”

“Baba, ai ba ta san ba a yi ruwa ba. In ka zuba sai ka danna, ta yi shiru.”

“To ban zuba ba.”

“Shi ya sa take kuka.”

“Tsakanina da ita wa ya kamata ya yi kukan?”

Ta yi dariya, ta ce za ta shigo ranar Asabar ta kashe. Na ajiye wayar, na yi alwala don azahar. Ina fita ta zaure na ɗaga kai, sai na ga ƙoƙon nan biyu da ke rataye a jikin azara, na tuna ban taɓa su ba tun safe. Rabon da in manta da su ya fi shekara arba'in. Na tsaya a wurin da buta a hannu, wata damina ta dawo mini gaba ɗaya.

Mahaifina Malam Haruna, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa, bai mallaki agogo ba har ya koma ga Allah. Abin da yake da shi ƙoƙon nan biyu ne, da 'ya'yan tsamiya goma sha uku, da takarda ɗaya cikin gafaka. Malaman da suka gabata sun raba shekara gida-gida, kowane gida suna kiransa tauraro, kwanansa goma sha uku. Malam ya sha gaya mana cewa tauraro ba ya kawo ruwa, wanda ya zaci haka ya nemi gafarar Allah. Alama ce kawai, kamar yadda inuwa ke nuna azahar. Ukun farkon damina su ne Haƙa'a, sai Han'a, sai Zira'a.

Kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗauki ɗan tsamiya ɗaya daga ƙoƙon dama ya jefa a na hagu. Ran da na dama ya ƙare, tauraro ya fita, sai ya juye su a sake. Takardar kuwa da ajami ya rubuta ta, ƙarƙashin sunan kowane tauraro akwai aikinsa: nan sharar gona, nan kai taki, nan shuka, nan noma. A ƙarƙashin Zira'a layi ɗaya ne, da jan tawada: idan ta fita, a bar dawa. Dalilinsa, dawar da aka shuka bayan nan ruwa na ɗaukewa kafin ta cika ido.

Da ya jefa ɗan tsamiyar sai ya faɗi aikin ranar da ƙarfi yadda kowa a gidan zai ji, kuma aiki ɗaya yake faɗa, ba biyu ba. In ya ce yau kunya ashirin a gonar tsamiya, to ko wa ya zo da wata magana sai dai ya same mu a can. A tsakiyar gonar ya kafa turke. Inuwarsa ta dawo tsawon tafin ƙafa, a ajiye fartanya, a tafi salla. Kayan aikin gobe kuwa tun la'asar ake wasa su a jera a zaure, don ya ce safiya ba ta neman dutsen wasa ba ce. Iri ma kashi uku yake raba shi kowace shekara: na shuka, na sake shuka, da na ƙarshe wanda ba a taɓawa sai da bakinsa.

Unguwarmu 'yar ƙarama ce a kan hanyar Maska, gidaje ba su wuce goma sha biyar ba, da Musulmi da Kirista da masu bin al'adar iyaye a ƙetaren rafi. Dukansu a zaurenmu suke tambayar kwana. Wanda ya fi kowa zuwa Bulus ne, maƙwabcinmu na bayan danga, mutum mai barkwanci. Shi bai yarda da kalandar da ke bangon ɗakinsa ba kan sha'anin gona, ya ce ita Kirsimeti kaɗai ta sani.

A shekarar da nake faɗa, kakar da ta wuce ba ta yi kyau ba, tun bazara ake kankare gindin rumbu. Yayana ya tafi kudu neman aiki bai dawo ba. Ni ne namijin da ya rage, ina da shekara ashirin da 'yan kai, matata Rabi da tsohon ciki. Ana sauran kwanaki damina ta faɗi, kurkunu ya fito wa Malam a ƙafa biyu lokaci guda. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, alhamdu lillahi. Tsutsa ce fara, doguwa, mai fitowa ta ƙurji. Kowace safiya Inna, mahaifiyata, sai ta naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, in aka ja da gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafar ta ruɓe. Mutumin da bai taɓa rasa jam'in asuba ba ya koma sai an ɗaga shi.

Ya kira ni bakin gadonsa.

“Sa'idu, ga ƙoƙo nan na bar maka. Ɗaya kullum, bayan asuba. Ba aikin da ya fi shi sauƙi a gidan nan.”

“To, Malam.”

“Shi ya sa nake ji maka tsoronsa.”

Ruwan farko ya sauko da wuri, mai ƙarfi. Na haƙa ƙasa da hannu na ga damshi ya kai wuyan hannu, na gaya wa Malam, ya ce a shuka kashi ɗaya. Ina gaba da sungumi ina sara, Inna na baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Bayan kwanaki kaɗan Rabi ta haihu. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ba ta tafi gida wanka ba, Inna ce ta karɓi jegon. A ranar Malam na da ɗan ƙarfi. Ya ce a miƙo masa tawada da alƙalami, ya juya bayan takardar nan ya rubuta: an sami mace, uku ga Haƙa'a. Ranar suna muka yanka ɗan akuyar da ya rage mana, aka sa mata Hajara. Kashegarin suna tsutsar ƙafarsa ta hagu ta tsinke, zazzaɓi ya rufe shi.

Ruwa kuma ya tafi.

Shukar farko ta fito kamar allura, ta yi kore kwana biyar, ta koma ja, ta kwanta. Aka yi wani yayyafi da bai kai ya jiƙa riga ba, jama'a suka fita da gudu, ni ma na zuba kashi na biyu ba tare da na haƙa na duba ba. Wannan ko fitowa bai yi sosai ba, tururuwa da kurciya suka raba shi. Ran da na dawo na faɗa, Inna ta tashi ta ɗauko sauran irin. Ta juye kashi na uku cikin tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ta tura shi ƙarƙashin gadonta.

Ban taɓa ganin rana irin ta kwanakin nan ba. Hadari kan haɗu a gabas da la'asar, baƙi ƙirin, har a ji ƙamshin ƙasa daga nesa, mata su fito da tukwane. Sai iska ta taso ta watsa shi, a mayar da tukwane babu mai duban wani. Ƙasar gona ta tsage yadda yatsa zai shiga. Kaji suna yawo baki buɗe, fukafukai a sake. An fita roƙon ruwa sau biyu, muka juya riguna, muka dawo da zufa. Su Bulus ma sun yi nasu a majami'a.

Girki ya koma sau ɗaya, da yamma. Tafasa da rama ake dafawa a matse, a barbaɗa ɗan garin dawa ko dusa don a ji an ci hatsi. Ɗan abin da ya rage a rumbu Inna ta ware shi don kunun kanwar mai jego, ludayi biyu da safe, ludayi biyu da yamma. Ita kanta ban san abin da take ci ba. In na tambaya sai ta ce ta ci a madafa.

Aikina ya koma ruwa da itace. Wankan jego babbar tukunya ce safe da yamma, sai ta tafasa, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa wa mai haihuwa. Rijiyar unguwa ta koma laka, sai mun je rafi mun tona yashi mu jira ruwa ya taru, wanda ya riga zuwa shi ke samun mai kyau. Ina sallame asuba sai in saɓi tulu in fita ta ƙofar baya. In na kawo tulu huɗu sai in ɗauki gatari. Kafin in dawo da itace rana ta take, idona na ganin abu bibbiyu.

Ban taɓa zama na ce na daina ƙirga ba. Wata safiya na fita da sauri don in riga mutane rafi, na ce gobe na jefa biyu. Da goben ta zo na tsaya ina tunani, biyu ne ko uku? Na ce bari in dawo in natsu. Na dawo na kwanta a inda na sauke itace. Daga nan sai na riƙa wucewa ta ƙarƙashin ƙoƙon nan da kaina a sunkuye. A zuciyata ina cewa, me ake ƙirgawa? Ranakun duk iri ɗaya ne, farar sama da zafi. Malam na ɗaki bai san safe ba bai san yamma ba. Masu zuwa tambaya ma sun daina zuwa, don ba abin da za su yi da amsar.

Nonon Rabi ya ja baya. Kukan jaririyar ya sauya, ya zama siriri, kamar na ɗan kyanwa a cikin rumbu. Ranar da aka share gindin rumbu aka sami abin da bai cika tafi biyu ba, na sami Inna a madafa.

“Inna, a fasa tulun nan.”

“Auta, sai Malam ya ce.”

“Malam bai san inda yake ba.”

“To sai ya sani.”

“Yarinyar nan fa? Kina jin kukanta.”

“Ni nake kwana da ita, ba kai ba.” Ta gyara itace a murhu. “In muka cinye shi yau, da kaka me za ta sha? In kuma lokacin shuka ya wuce, ni da hannuna zan daka shi. Je ka kawo mini ruwa.”

Ta sayar da zanenta na fita ta samo gero mudu ɗaya, da shi aka ja wasu kwanaki. A cikin kwanakin nan zazzaɓin Malam ya sauka. Ya rame har ba ka son kallonsa, amma ya gane mutane, ya nemi ruwan alwala.

Kwana biyu bayan haka, muna cikin sallar asuba, iska ta bugo ƙyauren masallaci. Kafin mu sallame ruwa ya tsuge. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, mai ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai. Na taho gida a cikinsa ban ko yi sauri ba. Bai tsaya ba sai da hantsi. Na je bayan gida na tura hannu cikin ƙasa, ya wuce wuyan hannu, ya doshi gwiwar hannu, damshi bai ƙare ba.

Malam ya ce a fito da shi zaure. Na goyo shi, bai fi nauyin damin kara ba. Ina zaunar da shi sai ga Bulus da buhu a ka, ƙafafu duk laka.

“Malam, sannu da jiki, barka da ruwa. Me takarda ta ce? Irin ƙarshe ke hannuna. In shuka, ko in ba matata Saratu ta daka mu ci mu san mun ci?”

“Yanzu za ka ji. Sa'idu, sauko da ƙoƙo.”

Na sauko da su. Na dama da 'ya'yan tsamiya a ciki, ƙura ta rufe su. A cikin na hagu zanzaro ya yi gininsa na laka, ɗaki uku, har ya liƙe bakinsu. Malam ya karɓa, ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo.

“Wannan ginin ba na jiya ba ne,” ya ce.

Na durƙusa. “Malam, na yi kuskure. Na bar shi.”

“Tun yaushe?”

“Ban sani ba.”

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ajiye ƙoƙon a gefensa, ya rufe ido. Kowa a zauren ya san abin da ke ƙasa. In muna cikin Zira'a, a fasa tulu a shuka yau, kafin rana ta shanye damshin. In ta fita, zuba irin a ƙasa asara ce, gara mai jego ta sha shi. Wanda zai iya fitar mana da lissafin daga littafi yana Funtua, tafiyar wuni, rafi kuma ya kawo.

Bulus ya fara lanƙwasa yatsu. “Bari mu gani. Tun ruwan farko, Lahadi biyar aka yi. A'a, shida. Akwai wadda ban je ba saboda ciwon ciki.”

“Bulus, tsakanin biyar da shida akwai kwana bakwai, kwana bakwan nan kuwa su ne maganar.”

“To ku ƙirga Juma'arku mana, ko ita ma zanzaro ya gine ta?”

Muka ƙirga Juma'a, ta ƙi tsayawa. Ni na ce biyar, na sake cewa shida. Kwanan wata duk mun sani, amma ba wanda ya riƙe ko nawa ga wata aka shiga Haƙa'a, shi Malam da ya sani zazzaɓi ya share masa.

Sai muka ji muryar Inna daga ƙofar cikin gida. Ashe tana tsaye da guntun itace a hannu.

“Wai kwana kuke nema tun ɗazu?”

Ba ta jira amsa ba, ta juya. Ta dawo da wata igiyar rama, baƙa da hayaƙi, duk jikinta ƙulli. A makewayin mata take rataye ta, inda namiji ba ya shiga, shi ya sa ban taɓa ganinta ba. Ta ajiye ta a gaban Malam.

“Ni ban san tauraronku ba. Na dai san wankan yarinyar nan saura kwana huɗu ya cika arba'in.”

Malam ya buɗe ido. Ya ce a ba shi gafaka. Ya zaro takardar, ya juya bayanta, ya ɗora yatsa a kan abin da ya rubuta ranar haihuwa.

“Ƙullin farko, ranar haihuwa kika yi shi ko kashegari?”

“Ranar haihuwa, da yamma.”

“Na yau fa?”

“Yanzun nan na sauke tukunya na ƙulla.”

“Ba ki taɓa tsallake rana ba?”

Inna ta dube shi kamar ya tambaye ta ko tana salla. “Malam, 'yar mutane ce a hannuna, marainiya. In na rage mata kwana ɗaya sanyi ya shige ta, me zan ce wa Allah?”

Ya ɗauki igiyar ya riƙa jan ta tsakanin yatsu kamar tasbaha. Ƙulli goma sha ɗaya, ya ce Haƙa'a ta fita. Goma sha uku, ya ce Han'a ta fita. Ya ci gaba a hankali, mu duka muna bin yatsunsa da ido, har igiyar ta ƙare a kan goma sha biyu.

“Sha biyu ga Zira'a,” ya ce. “Yau da gobe.”

Bulus ya miƙe har buhunsa ya faɗi. “Inna, daga yau ke zan riƙa tambaya, Malam ya huta!” Ya fita da gudu yana ƙwala wa Saratu kira tun daga bakin danga.

Inna ta jawo tulun ta fasa lakar da taɓarya. Malam ya ce ta ɗebi ƙoƙo ɗaya ta yi wa mai jego kunu. Daga cikin ɗaki Rabi ta ce, da 'yar muryarta, “Inna, a bar shi, a shuka duka.”

“Ke yi mana shiru, ba da ke ake ba,” in ji Inna, ta cika ƙoƙon har ya yi tozo.

Kafin in fita Malam ya kira ni. Ya fasa ginin zanzaron da babban yatsa, ya busa ƙurar, ya ƙirga goma sha biyu ya zuba a hagu, ya bar ɗaya a dama, ya miƙo mini.

“Rataya. Aikin yau shuka.”

Sungumin ban wasa shi ba, sai da na ɓata lokaci ina neman dutse. Na shiga gonar tsamiya rana ta riga ta yi sama, ƙasa na tururi. Ina sara, Inna na bina. Tsohuwar da ba ta ci abin kirki ba wata guda, tana jefawa tana takewa, in ta kai ƙarshen layi ta dafa gwiwa ta yi numfashi ta juyo. Da inuwar turke ta dawo tafin ƙafa muka yi salla a nan gindin tsamiya, ta tafi ta ɗora ruwan wanka, ta dawo. Kashegari na jefa ɗan tsamiya na ƙarshe, muka koma. Hannuna ya fashe, ƙotar sungumi ta yi ja. Da azahar Bulus da Saratu suka gama tasu 'yar gonar suka shigo tamu ba tare da an kira su ba. Duk da haka magariba ta same mu da sauran wani yanki a gefen gabas, kamar layi goma sha biyar. Wannan sai a rana ta uku na shuka shi ni kaɗai, Zira'a ta riga ta fita, ban gaya wa Malam ba.

Kada a ɗauka wahala ta ƙare nan. Dawa ba ta nuna don an ji yunwa. Wata huɗu muka ƙara muna cin ganye, ina noman gonar wasu da safe a ba ni mudu, in yi tamu da yamma. 'Yar masarar bayan gida da wake su suka riƙe mu. Rabi ta gama arba'in ɗinta ta fito, wuyanta kamar kara, amma nono ya dawo. Wasu a unguwa sun ce ba za su sake yarda da ruwa ɗaya ba, suka jira na biyu, bai zo ba sai bayan kwana tara. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Dawarsu ta yi tsawo, ta fid da kai, in ka murza ba komai sai ƙaiƙayi. Tamu ta ba mu rabin rumbu. Ba yawa, amma ya kai mu bakin wata damina, da irin shuka kashi uku.

Yankin nan na gabas ma ya yi, ban ga bambancinsa da saura ba. Ran da muka gama ɗaurin dami na sami Malam a zaure, lokacin yana takawa da sanda, ƙafar hagu ba ta sake miƙewa ba har ƙarshen ransa. Na gaya masa gaskiya, na ce layi goma sha biyar bayan fitar Zira'a na shuka su, ga shi sun yi.

Ya ce, “Dawa ba ta iya karatu ba, Sa'idu. Kai na rubuta wa.”

Malam ya rasu bayan damina biyu, Inna ta bi shi, Rabi ma yau shekara shida ke nan. Allah Ya ji ƙansu, Ya sa sun huta. Bulus ya rigaye su duka. Yanzu ba mai zuwa zaure tambayar kwana, kowa da kwanansa a aljihu. Ni dai ban sake barin ƙoƙon ba sai ranar Larabar nan, ita ma da azahar na jefa. Amma na san yadda abin ke farawa, kuma ƙarfin da nake da shi a wancan lokaci babu shi yanzu.

Yau Asabar Hajara ta iso bayan azahar, a kan babur, da jakar littattafanta. Ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta miƙo hannu.

“Kawo wayar, Baba, in raba ku.”

Na buɗe gafaka na ba ta igiyar. Ta juya ta, ta shinshina, har yanzu da ɗan warin hayaƙi. Ta ƙirga, don ita ba ta ganin abu ba ta ƙirga ba.

“Arba'in. Ta mece ce?”

Na ba ta labarin kamar yadda na ba da shi a nan. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana murza ƙullin farko.

“Ashe ni ce kalandarku,” ta ce, tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

“Ke ce.”

“To wayar fa? In kashe?”

“Bar ta ta yi ta kukanta. Ita ba ta gajiya, ni kuwa ina gajiya.”

Ta ɗaga kai ta dubi ƙoƙon. “Yau nawa?”

“Bakwai ga Zira'a. In masarar nan ta tafi, akwai irin dawa a ɗakin uwarki, ban taɓa shi ba.”

Ta ƙirga kwana shida a gaba a cikin wayar, ta tsaya da yatsa a sama.

“Me zan rubuta?”

Na ce, “Rubuta: idan ta fita, a bar dawa.”

Ta rubuta. Aka kira la'asar. Gabas fari fat, ko tsinken hadari babu. Da na dawo daga masallaci na jawo sungumi da dutsen wasa, na zauna a bakin zaure.